Yadda ake sa tambarin inuwa a zanen gini a AutoCAD har ya fito daidai a takarda

Shekarun baya na zana wa wani bawan Allah gida mai hawa ɗaya. Muna tsakiyar aiki, ba mu gama tsayar da faɗin falo ba, injiniya ma bai fara lissafin rodi ba, sai ya kira ni ya ce, “Malam, ɗan turo min abin da ka yi in nuna wa uwargida.” Na fitar da PDF na tura masa ta WhatsApp. Bayan kamar mako biyu na je duba filin, sai na tarar an ja igiya, lebura suna haƙar fandisho, birkila riƙe da takardar nan da na tura, an buga ta a A3. A lokacin kuwa na riga na matsar da matakalar bene, na canja bango biyu. Sai da aka cike wasu ramuka aka sake haƙa. Abin ya dame ni sosai, domin da na karɓi takardar na duba, babu kalma ko ɗaya a jikinta da ke nuna cewa zanen bai kammala ba. Birkila bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya bi.

Tun daga ranar babu zanen da ke fita daga hannuna sai da tambarin inuwa, wanda 'yan ofis ke kira watamak. Shi ne rubutu ko alama mara kaurin launi da ke kwance a bayan zane, kamar hoton nan da ke bayyana a takardar naira idan ka ɗaga ta wajen haske. Zan yi bayanin ne da AutoCAD, manhajar zanen gini a kwamfuta, tunda shi ya fi yawa a ofisoshinmu, amma wanda ke aiki da BricsCAD, ZWCAD ko GstarCAD zai tarar da yawancin umarnin iri ɗaya ne. Sunayen umarni da na maɓallai zan bar su yadda suke a manhajar, don haka za ka rubuta su, haka kuma za ka gan su.

Rubuta tambarin ba ya cin minti biyu. Inda aikin yake shi ne ya fito a takarda yadda ka gan shi a allo, kuma nan mutane suka fi tuntuɓe.

Me tambarin zai ce?

Ka fara yanke wannan kafin ka buɗe fayil. Tambari iri biyu ne, kuma aikinsu daban. Akwai na matsayin zane: PRELIMINARY, FOR APPROVAL, FOR TENDER, NOT FOR CONSTRUCTION. Akwai na mallaka: sunan ofishinka ko alamarsa. Na farko yana kare ginin da mai ginin, na biyu yana kare guminka. A ganina na farkon ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Zanen gini a Najeriya da Turanci ake rubuta shi, a Nijar da Faransanci, amma wanda zai riƙe takardar a wurin aiki ba lallai ne ya karanta ko ɗaya daga cikinsu da kyau ba. Saboda haka ina ƙara layi na biyu da Hausa a ƙarƙashin na Turancin: BA NA GINI BA NE. Gajere ne, kuma babu maginin da zai ce bai gane ba. Kada ka cika surutu. Kalma uku zuwa biyar sun isa. Idan tambari ya zama wasiƙa, ba mai karanta shi, sai dai ya rufe ma'auni.

Mataki na farko: ware masa leya

Rubuta LA ka danna Enter, ka ƙirƙiri sabuwar leya, wato rukunin zane da ake iya kunnawa ko kashewa shi kaɗai, ka sa mata suna da kowa a ofis zai gane, misali TAMBARI. Kada ka ɗora shi a leya 0, kada kuma ka haɗa shi da leyar akwatin bayanai na gefen takarda, domin ranar da za ka kashe shi ba ka son sunan mai gida da lambar zane su tafi tare da shi. Ka kuma kiyayi leyar Defpoints: duk abin da ke kanta ana ganinsa a allo amma ba ya fita a bugu. Na sha ganin ɗalibi ya ɗora tambari a can yana mamakin inda ya shige.

Mataki na biyu: a shafin takarda, ba a filin zane ba

AutoCAD yana da wuri biyu. Akwai Model, inda kake zana gini da ainihin girmansa, akwai kuma Layout, shafin da ke wakiltar takardar da za a buga, mai tagogin da ke leƙa cikin Model. Tambari na Layout ne.

Dalilin a fili yake. A Layout milimita ɗaya milimita ɗaya ce a takarda, don haka in ka ba rubutu tsayin 40, tsayin 40 zai fito. A Model kuwa sai ka yi lissafi da sikeli: idan zanen na 1:100 ne kuma da milimita kake aiki, rubutun da kake so ya fito da tsayin 40 sai ka ba shi 4000. Da zarar wani shafi ya koma 1:50 ko 1:20, tambarin ya kumbura ya fice daga taga. Ga shi kuma yana shiga hanya duk lokacin da kake zaɓen layuka. Na san akwai masu buga komai kai tsaye daga Model, sun jera firam goma a gefe guda. In haka kake aiki, hanyar za ta yi maka, sai dai ka ninka tsayin rubutun da sikelin kowane firam. Amma shawarata ka koyi Layout, ko don wannan kaɗai.

Mataki na uku: rubutun da karkatarsa

Rubuta ST ka buɗe salon rubutu, ka ƙirƙiri sabo mai suna TAMBARI, ka zaɓi Arial mai kauri, ka bar tsayi a 0 don ka riƙa ba shi tsayin da kake so a kowane shafi. Kada ka ɗauki haruffan SHX irin su romans ko simplex. Su siraran layuka ne kawai, ba su da ciki, in ka dusashe launinsu sai su ɓace. Wani abu kuma da ya shafe mu: yawancin haruffan SHX ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, alamar tambaya suke sawa a gurbinsu. Arial na Windows na yanzu yana da su. Idan allon rubutunka ba ya fitar da su, cikin akwatin rubutu na MTEXT kana iya rubuta \U+0198 ya ba ka Ƙ, \U+018A ya ba ka Ɗ, \U+0181 ya ba ka Ɓ.

Yanzu ka tabbata leyar TAMBARI ce ke aiki, ka rubuta MT, ka ja akwati, ka rubuta kalmominka. A Justification ka zaɓi Middle Center, wato tsakiyar tsakiya, domin in ka canja kalmomin gobe rubutun ya ci gaba da zama a tsakiyar takarda. Don samun tsakiyar, ka yi MOVE, ka kama rubutun ta cibiyarsa, idan ya tambaye ka inda za ka ajiye sai ka rubuta M2P ka taɓa kusurwa biyu masu kallon juna na filin zanen. Ka lura na ce filin zanen, ban da akwatin bayanai. Wurin nan na hatimi ne da sa hannu, a bar shi fes.

Batun girma. Takardar A1 tana da milimita 841 a tsawo da 594 a faɗi, daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa kimanin 1030. A Arial mai kauri kowane babban harafi yana cin faɗi kusan daidai da tsayinsa. NOT FOR CONSTRUCTION gurbi 20 ne har da tazarar tsakanin kalmomi, don haka tsayin 40 zai ba ka rubutu mai tsawon da ya kusa 800, wanda ya cika takarda bai taɓa gefe ba. PRELIMINARY harafi 11 ne, yana ɗaukar 60 zuwa 65. A3 rabin A1 ce a kowane gefe, 420 da 297, sai ka raba tsayin rubutun gida biyu.

Karkata kuma, kusan kowa digiri 45 yake sawa don shi ya fara zuwa a rai. Amma takardun A ba murabba'i ba ne. Layin da ya ratsa su daga kusurwa zuwa kusurwa yana kan digiri 35 da ɗan ɗoriya idan takardar a kwance take. Ka sa 35 a Rotation cikin Properties, za ka ga rubutun ya bi jikin takardar, ya kuma samu wurin miƙewa. A 45 dogon rubutu yana cin karo da sama da ƙasa tun bai kai ko'ina ba.

Me ya sa ake karkatar da shi tun farko? Domin layukan gini da ma'auninsa a tsaye suke ko a kwance. Abin da ya zo a karkace ido yana ware shi nan take, ba ya ruɗa shi da bango. Sannan ba a iya yanke shi da almakashi ko a naɗe gefen takarda a ɓoye shi.

Mataki na huɗu: launi, inda aka fi faɗuwa

Ga abin da ke faruwa kullum. Mutum ya zaɓi launi 253 ko 254, toka-toka mai haske, ya yi kyau a allo. Ya je bugu ya zaɓi monochrome.ctb, teburin CTB da ke tsara yadda kowane launi zai fita a takarda, kamar yadda aka saba, sai takarda ta fito da ƙaton baƙin rubutu ya danne rabin gini. Dalili shi ne wannan teburin bugun yana mayar da duk launuka masu lamba, daga 1 zuwa 255, baƙi ƙirin. Aikinsa ke nan, bai san wannan tambari ne ba.

Hanya uku ake bi a kauce wa wannan.

Ta farko, kuma ita na fi so saboda sauƙinta: ka ba leyar launi daga shafin True Color maimakon launi mai lamba. Ka sa 220,220,220 a gurbin ja, kore da shuɗi. Teburin CTB ba ya canja irin wannan launi, yadda ka sa shi haka zai fita. Idan lambobin suka yi sama launin ya ƙara haske, idan suka yi ƙasa ya ƙara duhu. Tsakanin 200 da 230 nake yawo, gwargwadon firintar da za a yi amfani da ita. Amfanin wannan hanya shi ne launin yana cikin fayil ɗin kansa, ko an kai shi wata kwamfuta zai fito daidai.

Ta biyu ita ce gyara teburin bugun. A akwatin bugu, wato Plot, kusa da sunan teburin akwai maɓallin gyara. Ka fara adana kwafinsa da sabon suna, kada ka taɓa na asali. Ka zaɓi launi ɗaya da ba ka amfani da shi a wani abu, misali 254, ka sauke Screening ɗinsa daga 100 zuwa 15 ko 20. Wannan lambar yawan tawada ce: 100 cikakkiya, 0 fari. Hanya ce mai tsafta ga ofishin da kowa ke aiki da teburi ɗaya. Matsalarta ita ce teburin fayil ne dabam. In ka kai DWG, wato fayil ɗin zanen, shagon buga takardu ba ka tafi da CTB ɗinka ba, za su sa nasu, tambarin ya dawo baƙi.

Ta uku ita ce Transparency, wato a sa launin ya zama shara-shara ana hango abin da ke bayansa. Wannan ya shigo ne a AutoCAD 2011, kuma yana karɓar lamba daga 0 zuwa 90. A leyar TAMBARI ka sa 80 ko 85. Sai dai akwai tarko: AutoCAD ba ya buga shara-sharan sai ka ce masa ya yi. A akwatin Plot ka buɗe ɓangaren dama, ka sa alama a Plot transparency. In kana so ya riƙa yi kullum ba sai ka tuna ba, ka rubuta PLOTTRANSPARENCYOVERRIDE ka ba shi 2. Lamba 1 tana bin abin da aka zaɓa a akwatin, 0 kuma tana hana shi gaba ɗaya. Ka sani bugu da wannan hanya yana iya yin nauyi, fayil ya ƙara girma, musamman a zane mai yawan haci, wato layuka ko launin da ake cike fili da su. In kuma a allo ne ba ka ganin shara-sharan, duba TRANSPARENCYDISPLAY, ya kamata ya zama 1.

Kada dusashewar allo ta yaudare ka. Idan ka kulle leya, AutoCAD yana dusashe ta don ka san a kulle take, haka ma yake yi wa fayil ɗin da aka jingina cikin zanen daga waje, wato XREF. Wannan na ido ne kawai, ba ya zuwa takarda. Mutane da yawa suna kulle leyar, su ga ta yi haske, su ɗauka an gama.

Mataki na biyar: wa ke sama, wa ke ƙasa

Toka-toka mai haske, in ba shara-shara ba ne, fenti ne. Duk layin da ya hau kansa ya rufe shi. Idan ya hau kan ma'aunin da ke cewa 3600, magini zai ga 36 da rabin sifili, ya cike sauran da ka. Don haka dole zanen ya zama a sama, tambari a ƙasa.

Abu na farko, ka zaɓi rubutun ka rubuta DR, ka zaɓi Back. Wannan yana tura shi bayan sauran abubuwan da ke Layout. Amma ginin kansa a Model yake, ta taga ake hango shi, kuma abin da ke yanke hukunci tsakanin su biyun a lokacin bugu wani zaɓi ne a akwatin Plot mai suna Plot paperspace last. In da alama a kansa, kayan Layout ne ke fita a ƙarshe, wato tambari ya hau kan gini. Ka cire alamar, sai a fara shimfiɗa tambarin, ginin ya sauka a kansa. Ka adana wannan a Page Setup na shafin don kada ka riƙa maimaitawa.

Cire alamar yana da nasa illar. Idan zanen yana da haci mai cikakken launi ko hoto, kamar zanen fuskar gida da aka yi wa ado, su za su rufe tambarin, ya fito guntu-guntu. A irin wannan shafi gara ka bar tambarin a sama ka yi amfani da Transparency. Akwai kuma wata dabara a saitin firintar: a Properties na DWG To PDF akwai Merge control, in ka mayar da shi Lines merge maimakon Lines overwrite, launukan da suka haɗu suna gaurayuwa, baƙin layi ya ci gaba da bayyana ta cikin tokar.

Ga zanen injiniya mai cunkoson rodi da lambobi, ni ba na son cikakken rubutu ko kaɗan. Na fi son harafi mai zagaye kawai, cikinsa fanko. Ana samunsa da umarnin TXTEXP na Express Tools, wanda ke farfasa rubutu ya koma layuka, sai ka share 'yan layukan da suka ratsa cikin haruffan, ka haɗa sauran su zama bulok ɗaya, wato abu guda da ake kamawa gaba ɗaya. AutoCAD LT ba shi da wannan umarni. Akwai TEXTFILL da in ka sa shi 0 yake fitar da rubutu fanko a bugu, amma yana shafar duk rubutun TrueType, irin su Arial, da ke zanen, har da ƙananan bayanai, don haka ban cika ba da shawararsa ba.

Idan alamar ofis ce

Ka nemi hoton a PNG mara bango. Ka rubuta IMAGEATTACH ka ɗora shi a Layout kan leyar TAMBARI. A Properties ka kunna Background transparency, in ba haka ba farin akwati zai biyo shi. Sai IMAGEADJUST, ka ja Fade zuwa wajen 80. Wannan dusashewar, ba kamar ta kulle leya ba, tana fita a bugu. Ka rubuta IMAGEFRAME ka ba shi 2, firam ɗin hoton ya riƙa bayyana a allo don ka iya kama shi amma kada ya fita a takarda.

Ka tuna hoton ba ya shiga cikin DWG, adireshinsa kawai fayil ɗin ke riƙewa. In ka kwafi zanen a filashi ka bar hoton, abin da za a gani shi ne fankon akwati da sunan folda. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau mutum ya ba da yini ɗaya ya bi alamar ofishinsa da layuka da haci, ya mayar da ita bulok. Ba ta ɓata, ba ta dishewa in an ƙara girma, kuma tana bin launin leya.

Aiki mai shafi talatin

Wanda ke da shafi biyu zai iya kwafa da hannu. Amma aikin makaranta ko asibiti mai zanen akitek, na injiniya, na wuta da na ruwa, in ka bi su ɗaya-ɗaya sai ka manta da wani, kuma wanda ka manta shi ne zai isa wurin aiki.

Ka buɗe sabon fayil, ka rubuta tambarin a Model ɗinsa da ma'aunin A1, kusurwar takarda ta ƙasa ta hagu tana kan 0,0, ka adana shi da suna TAMBARI.dwg cikin foldar aikin. A kowane Layout ka rubuta XATTACH, ka zaɓi fayil ɗin, ka ajiye shi a 0,0. Ka zaɓi Overlay don kada ya bi zanenka zuwa cikin zanen wani da ya jingina naka, ka kuma zaɓi Relative path don kada ya ɓata in an matsar da foldar. A shafin A3 ka ba shi sikeli 0.5. Daga nan, ranar da aikin ya tashi daga PRELIMINARY zuwa FOR APPROVAL, wuri ɗaya za ka gyara, duk zanen da aka buɗe zai ɗauko sabon. Kowane aiki da nasa fayil ɗin tambari. In ka haɗa ayyuka biyu a kan guda, ranar da ka saki ɗaya ka saki ɗayan ba da saninka ba.

In duk shafukan a fayil ɗaya suke, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ka rubuta DWGPROPS, a shafin Custom ka ƙara suna MATSAYI, ka ba shi kalmar da kake so. A cikin MTEXT ka danna Ctrl da F, ka nemo MATSAYI a rukunin Document ka saka. Duk shafin da ke da wannan rubutu zai canja da zarar ka canja kalmar ka yi REGEN. Tokar da ke bayyana a bayan irin wannan rubutu ba ta fita a bugu. Ka adana shi cikin DWT na ofis, wato fayil ɗin samfuri da ake fara sabon zane da shi, kowane sabon aiki ya fara da tambarinsa a kunne. Ya fi aminci a ce sai an tuna a cire shi, da a ce sai an tuna a sa shi.

Ina kuma kunna PLOTSTAMP, wanda ke rubuta sunan fayil da kwanan wata da lokacin bugu da ƙananan haruffa a gefen takarda. Ranar da takardu biyu suka haɗu a wurin aiki ana gardamar wacce ce sabuwa, shi ke raba gardama.

Masu aiki da manhajar Revit, babu maɓallin tambari na musamman. Ana sa rubutun ne cikin akwatin bayanan shafi, a ɗaura masa zaɓin kunnawa da kashewa. A SolidWorks kuma ana shiga Edit Sheet Format a rubuta shi, a zaɓi ya zauna a bayan shafi.

Fitar da PDF, da iyakar abin da tambari zai iya

Kada ka tura DWG ga wanda bai gama biya ba kana dogaro da tambari. Kulle leya dannawa ɗaya ke buɗe ta, share rubutun kuma daƙiƙa biyu ne. Sa wa DWG kalmar sirri ma an cire shi tun daga AutoCAD 2016.

PDF ya fi, amma shi ma sai an kula. A PDF Options ka cire alamar da ke kan Include layer information. In ka bar ta, leyoyinka suna tafiya cikin PDF ɗin, wanda ya karɓa ya buɗe jerinsu a Adobe Reader kyauta, ya kashe TAMBARI, ya buga takarda tsaf ba tare da ya goge komai ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, don mai turawa ba ya ganin alamar matsala a wajensa. Ka kuma zaɓi a mayar da rubutu zane, don kada a kama kalmar a goge ta kamar a wasiƙa.

Duk da haka, tun daga AutoCAD 2017 akwai PDFIMPORT, wanda ke ɗauko layukan PDF ya mayar da su zanen da za a iya gyarawa. Wanda ya san aiki kuma ya yi niyya zai raba ginin da tambarin. Saboda haka idan don kallo ne kawai, kamar a nuna wa iyali, hoto nake turawa: in buga ta PublishToWeb PNG da girman da za a ga tsarin ɗakuna sarai a waya, tambarin ya narke cikin hoton. Ina kuma ƙara sunan wanda na ba a ƙaramin layi, misali KWAFIN MAI GIDA ko KWAFIN ƊAN KWANGILA, da kwanan wata. Mutum yana jin nauyin yawo da takardar da ke nuna daga hannunsa ta fita.

Gwaji a takarda

Preview na AutoCAD yana taimakawa, amma ba shi ne alƙali ba. Ka buga shafin da ya fi cunkoso a irin firintar da za a yi aikin da ita. Ka duba ƙananan ma'aunai da suka faɗo kan haruffan, ko ana karanta su ba tare da an matso da ido ba. Sai ka yi abin da za a yi wa takardar a zahiri: ka rage ta zuwa A3, ka yi fotokwafinta, ka sake yin fotokwafin kwafin, ka ɗauke ta hoto da waya a rana. Toka mai haske sosai tana ɓacewa a kwafi na biyu, wata na'urar kuma tana ƙona ta ta yi duhu. In ta ɓace ka sauko daga 220 zuwa 200. In ta yi duhu ka koma harafi fanko. Kuma ko yaya ta fito, ka rubuta matsayin zanen da baƙin rubutu a akwatin bayanai, kusa da lambar gyara, don in inuwar ta tafi wannan ya rage.

Ranar cire shi

Tambarin inuwa ba hatimi ba ne. Zanen da za a kai hukumar tsara birane neman izinin gini, kamar KNUPDA a Kano, ko KASUPDA a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine na Abuja, hatimin akitek mai rajistar hukumarsu ta ARCON da na injiniya mai rajistar hukumarsu ta COREN ake nema a kansa, kuma babu alamar ofis da ke maye gurbinsu. Kafin ka buga kwafin da za a kai, ka tambayi yadda suke son takardar, ka tabbata babu inuwar da ta ratsa wurin hatimi.

Idan zane ya kammala, kada ka share tambarin, ka daskarar da leyarsa da Freeze, ko ka yi Unload a jerin XREF, domin gyara na iya tasowa ka sake buƙatarsa. Ka ƙara layi a teburin gyare-gyare da kwanan wata, ka fitar da duka shafukan da PUBLISH, sannan ka buɗe PDF ɗin ka bi shi shafi-shafi da idonka. Ranar da za ka kai sababbin takardu wurin aiki, ka nemi shugaban magina ka ce, “Baba, a tattaro min tsofaffin nan masu rubutu a tsakiya,” ka ƙirga su, ka tafi da su ofis.